Kadada uku a bayan gari: wata tara ina cinikin gida ɗaya

Shekara 13 na yi ina zaman haya a Badariya, cikin Birnin Kebbi. Ɗaki uku ne da falo, sai 'yar tsakar gida wadda in an yi shanya babu inda yaro zai taka. Mu goma muke kwana a ciki: ni da uwargida, 'ya'ya bakwai, da Inna wadda ta dawo hannuna bayan rasuwar mahaifinmu. Ga awakin uwargida huɗu ɗaure a lungun bayan madafi, kullum muna cikin ba maƙwabta haƙuri. Wanda ya san zafin garin nan daga Maris zuwa Mayu, lokacin da bango ke riƙe rana har tsakar dare, ba sai na faɗa masa dalilin da ya sa raina ya daɗe yana neman sarari ba. Inna kuwa ba ta taɓa sabawa ba. Matar da ta girma a gidan da ake leƙawa bayan ɗaki a tsinko kuɓewa, sai ga ta tana aiken yaro ya sayo mata zogale a ƙulle cikin leda.

Cikin azumin 2024 wani dillali da muke sallah masallaci ɗaya ya tare ni bayan La'asar. Ya ce akwai gida a bayan gari, ta hanyar Kalgo, an ɗan ratse daga kwalta, ginin bulo mai ɗaki biyar, kuma gonar da ke kewaye da shi kadada uku ce, duk a haɗe za a sayar. Mai wurin ya rasu, magada ke son kuɗi su raba. Kuɗin da ya faɗa bai kai abin da ake nema a gida mai ɗaki huɗu kan fuloti ɗaya a Gesse ba.

Washegari muka tafi a kan babur ɗina. Kilomita 12 ne daga ƙofar gidana, biyu na ƙarshe hanyar ƙasa. Ina shiga na ji iska ta sauya. Mangwaro tara ne a jere sun yi nauyi da 'ya'ya, ga ɗorawa biyu manya a can ƙasa, ga darbejiya ta rufe ƙofar gida da inuwa. Rijiya na tsakar gida, na leƙa na ga ruwa kusa, alhali muna tsakiyar rani. Na tsaya ina lissafi a zuci: nan garken awaki, nan kaji, can lambun Inna, ga filin da yara za su yi gudu har su gaji. Na kuma san yadda gari ke miƙewa ta wannan ɓangare tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013. Gonakin da na sani ana noma gero a cikinsu yanzu fuloti ne da harsashin gini. Dillali ya ga fuskata, ya ce wani Alhaji daga Jega na nan tafe da kuɗi a hannu, in ina so in ajiye wani abu kafin Sallah.

Kuɗin suna nan. Na sayar da fulotina da ban samu ginawa ba, ga kasona na gonar gado, ga bashin ƙungiyar ma'aikata da aka amince mini. Da ban biya ta gidan Kawu a daren ba, da na ajiye.

Kawu ƙanen Inna ne, ya daɗe yana aikin magatakarda a kotu kafin ya yi ritaya, kuma rabin shari'un da suka bi ta hannunsa na gona ne da gado. Bayan mun sha ruwa na kwashe labari na faɗa masa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, gidan ka gani. To wa ya gwada maka iyakar gonar? Wa ya ƙirga maka magadan? Kuma ka ga wanga wuri da damina?" Na ce a'a, duka ukun. Ya ce, "To cinikin biri a sama kake yi. In Alhajin Jega ya riga ka, ba rabonka ba ne." Ban ji daɗin maganar ba a lokacin, don raina ya riga ya tare a gidan. Amma na bi.

Bayan Sallah na ɗauko safiyo mai lasisi da kuɗina. Nan aka fara samun bambanci. Ni da na ji kadada uku, hekta na ɗauka, don haka nake jin ana faɗa a rediyo. Su kuma eka suke nufi. Kalma ɗaya ce muke amfani da ita ga abu biyu, kuma tsakaninsu akwai nisa: hekta murabba'in mita 10,000 ce, eka kuwa kusan 4,047, wato hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Da aka gama awo wurin ya tashi hekta 1.2, kusan eka uku ke nan. Ba wanda ya yi mini ƙarya, ni ne ban tambaya ba, amma abin da na gina a kaina ya ragu da fiye da rabi. Ko a hakan wuri ne babba. In aka yanka shi fuloti mai ƙafa 50 da 100, bayan an fitar da hanyoyi, za a samu kusan 20.

Ranar awon na roƙi a kira duk wanda ya yi iyaka da gonar, da mai unguwa. Gabas da arewa babu gardama, tsohuwar gamba ce ta raba, kowa ya san ta. A kudu ne wani dattijo ya ce kunya huɗu na gefen aduwa nasa ne, marigayi ya are su ne shekarun baya don ya daidaita shinge. Babban ɗan marigayi ya ce bai taɓa ji ba. Mai unguwa ya yi shiru, can ya ce ya tuna an yi haka. Kunya huɗu ba wani abu ba ne a eka uku, amma da na saya ban sani ba, da na gaji rigima da mutumin da zan riƙa gani kowace safiya har ƙarshen rayuwata. Na ce a fitar masa da abinsa a awon. Dattijon nan yau shi ne ya fi kowa sa mini ido a kan gidan in na yi tafiya.

Maganar magada ita ta fi cin lokaci, kuma ita ce na fi so mai karatu ya tsaya a kanta. Waɗanda suka kawo gidan kasuwa maza uku ne. Da Kawu ya sa na bincika, sai ga shi marigayi ya bar mata biyu da 'ya'ya takwas, biyar mata. Ɗaya tana aure a Kamba, ɗaya a Gaya cikin Jamhuriyar Nijar, kuma ta Gaya ba ta ma san ana cinikin ba. Ba a raba gadon ba, ko a gida ko a kotu. Mazan ba mugunta suka nufa ba, a ganinsu su ne manya, in an sayar za su aika wa kowa nasa. Amma shari'a ba ta san haka ba. Matan marigayi suna da tumuni, ɗaya bisa takwas, su raba tsakaninsu, kowace 'ya tana da rabin kason namiji, kuma kafin a raba, haƙƙin kowa yana cikin kowane taku na gonar. Ba wanda zai sayar da kason wani ba da yawunsa ba.

Kawu ya tuna mini da babin shuf'a da muka karanta a Risala tun a zaure, muka wuce shi kamar ba zai taɓa shafarmu ba. A mazhabar Malikiyya, in abokin tarayya ya sayar da kasonsa na gida ko gonar da ba a raba ba, sauran abokan tarayya suna da ikon mayar wa mai saye kuɗinsa su karɓi wurin. Wanda yake nan ya sani ya yi shiru, haƙƙinsa na faɗuwa bayan shekara. Wanda ba ya nan kuwa yana kan haƙƙinsa ko ya daɗe. Wato zan iya yin katanga, in haƙa burtsatse, in dasa itatuwa, bayan shekara biyar baiwar Allah ta sauko daga Gaya ta kai ni gaban alƙali, kuma ita ce mai gaskiya. Na ce wa magadan ba zan biya ko sisi ba sai an je kotun shari'a an tabbatar da magada, an fitar da kason kowa a rubuce, kowa ya amince da sayarwar da bakinsa ko ta wakilin da ya naɗa. Suka ji haushi. Dillali ya daina amsa gaisuwata da sakin fuska har tsawon wata guda. Alhajin Jega dai bai zo ba.

A cikin zaman kotun ne wani abu ya sake fitowa: kusurwar ƙasa, wajen ɗorawa, tana hannun wani a jingina tun marigayi na jinya. An karɓi kuɗi, shi kuma yana noma wurin har a biya shi. Babu takarda, shaidu biyu ne kawai. Aka rubuta cewa za a fanshe ta daga kuɗin cinikin kafin a raba.

Ana wannan ni kuma ina bin ɓangaren hukuma. Mutane da yawa suna ɗauka in hakimi ya buga hatimi a takardar ciniki an gama. Takardar hakimi da ta uban ƙasa suna da amfani ƙwarai, su ne shaidar cewa mutanen wurin sun san da cinikin, amma ba su ne mallaka a idon doka ba. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, abin da mutum ke riƙewa haƙƙin zama da amfani ne. A yankin da aka ayyana birni gwamna ke bayar da wannan haƙƙi, a karkara kuma ƙaramar hukuma na bayar da na gargajiya, kuma sauya hannu yana buƙatar amincewar hukumar da abin ya shafa. Wurin da ke bakin gari irin wannan shi ne mai ruɗani, don ido na ganin ƙauye, taswira kuma tana iya cewa birni ne. Na kai zanen safiyo ma'aikatar filaye ta jiha aka duba mini abu uku: ko an taɓa ba wani takarda a kan wurin, ko yana cikin filin da gwamnati ta keɓe don wani aiki, da ko akwai titin da aka tsara zai ratsa shi. Wannan na ƙarshe ba wasa ba ne. Dokar ta ba gwamna ikon karɓe wuri don amfanin jama'a, kuma diyyar da ake biya ta abin da ka ɗora a kai ce, gini da shuka da itatuwa, ba ta farashin da ƙasar ke yi a kasuwa ba. Wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a faɗin fili ya kamata ya san wannan tun kafin ya biya. Aka ce mini wurin ba shi da matsala.

Sai damina. A ƙarshen Agusta, washegarin wani ruwan dare mai ƙarfi, na tafi ni kaɗai ban gaya wa kowa ba. Kilomita biyun nan na hanyar ƙasa da na bi cikin minti biyar da rani, sai da na ajiye babur a wani gida na nannaɗe wando. Akwai wani kwari a tsakiya da ruwa ya kai gwiwa. Gidan kansa yana kan tudu, ƙasar jigawa ce, ta shanye ruwanta. Amma kusurwar ɗorawa ta zama tafki, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gonar. Mai jinginar na tarar a wurin yana duba shinkafarsa. Na tambaye shi ko haka take yi kullum. Ya kama hannuna ya kai ni gindin ɗorawa, ya nuna mini wani zane a jikin itacen, daidai ƙirjina. Ya ce, "Nan ruwan 2020 ya tsaya. Kwana ashirin muna shiga da kwalekwale."

Duk ɗan Kebbi ya tuna wannan shekara, lokacin da ambaliya ta cinye dubban ɗaruruwan hekta na shinkafa ana dab da girbi, ta karya gadoji. Abin da mai sayen wuri kusa da fadama ya kamata ya riƙe shi ne, ruwan da ke cin mu ba na samanmu kaɗai ba ne. Gulbin Rima da ya biyo ta madatsar Goronyo da Gulbin Sakkwato da ya biyo ta Bakolori a Zamfara suna haɗewa, su gangaro ta Argungu da Birnin Kebbi kafin su faɗa Neja. Ana iya kwana uku ba a yi ɗigo a nan ba, ka wayi gari ruwa na hawa. Na auna da ido daga zanen nan zuwa dandamalin gidan, na kuma tambayi mutum uku daban-daban ko ruwan ya shiga ɗakuna a waccan shekarar. Duka suka ce bai kai ba, ya tsaya wajen mangwaro na ƙarshe. Wannan ya kwantar mini da hankali a kan gidan, ya kuma nuna mini inda ba zan taɓa sa bulo ba. Kusancin ruwan da ya burge ni a rijiya da rani, shi ne dai wannan. Sauro kuma ba a magana.

Na dawo da magini ya duba ginin. Ya hau silin ya tarar gara ta ci katakon ɗaki biyu, ya nuna mini tsaga a bangon kudu, ya ce masai ya yi kusa da rijiya, dole a sake masa wuri. Waɗannan duk gyara ne na kuɗi, ban ɗauke su da zafi ba.

Abin da na ɗauka da zafi burtali ne. A yammacin gonar akwai wata hanya mai faɗi da na zata ta amalanke ce. Ashe tsohon burtali ne da shanu ke bi zuwa mashaya, kuma da kaka, in an sauko fadama, garke-garke ke wucewa. Na lura gonaki biyu a gaba sun ci rabinsa, shi ya sa shanun ke matsuwa su faɗa gefe. Na sayi goro na tafi wurin arɗo tare da mai unguwa. Na ce masa, "Baba Arɗo, ina son in zama maƙwabcinku, na zo in ji inda hanyar dabbobinku take tun asali." Ya daɗe yana kallona. Ya ce tun da ake sayen gonaki a wurin ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye shi. Ya taso da kansa ya taka mini iyakar. Na ja shingena baya da taku uku daga inda marigayi ya kafa nasa. Wasu sun ce na yi asarar ƙasa. Ni kuwa na san rigingimu nawa ne a ƙasar nan suka fara daga burtalin da aka toshe.

Zuwa Oktoba kotu ta gama, ta Gaya ta zo da mijinta ta sa hannu, na kuma zauna da biro da takarda. A nan ne na gane cewa arahar gidan ba ta nufin arahar zama a cikinsa. Kewayen wurin ya kai mita 440. Katanga mai tsayin mita 2.4, in ka lissafa bulo goma a kowane murabba'in mita, ta haura bulo 10,000, ban da harsashi, ban da ginshiƙai da rodi, ban da siminti da yashi da ladan magina. Fulotin cikin gari kewayensa bai wuce mita 92 ba. Kuɗin katangar kaɗai ya kusa rabin kuɗin gidan. Wutar lantarki ba ta iso ba, sandar ƙarshe tana bakin kwalta, don haka sai sola. Rijiya ba za ta ɗauki lambu da dabbobi ba, sai burtsatse da tanki. Sannan man fetur, wanda tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ya zama abin da ake sa wa lissafi kafin a tayar da babur: kai yara makaranta da ɗauko su, zuwa aiki da dawowa, kilomita 48 a rana in an yi sawu biyu. Eka uku kuma ba ta zama haka nan. In ba ka nome ta ba ciyawa za ta rufe ta, ciyawa kuma gidan maciji ce da damina, abincin gobara da rani. Ni ma'aikaci ne, Asabar da Lahadi kaɗai gare ni, dole in biya 'yan ƙwadago.

Ina cikin wannan lissafi aka kai hari Mera, cikin ƙaramar hukumar Augie, a Nuwamban 2024, aka kashe mutane, sunan 'yan bindigar nan da ake kira Lakurawa ya cika gari. Da can in ana maganar tsaro a Kebbi hankalinmu ƙasar Zuru da Yauri yake tafiya, musamman tun sace ɗaliban Birnin Yauri a 2021. Yanzu abin ya zo ta arewa. Uwargida, wadda tun farko ita ta fi kowa murna saboda awakinta, ta same ni da dare ta ce, "Malam, tambaya ɗaya zan yi. In wani abu ya faru da tsakar dare kana wurin aiki ko ka yi tafiya, in na yi kururuwa, wa zai ji ni?" Ta ƙara da cewa, in ciwon Inna ya tashi cikin Agusta, da me za a ƙetare kwarin nan?

Ba ni da amsa a daren. A Badariya in yaro ya yi tari maƙwabci na ji. Abin da nake gudu a cikin gari, cunkoso da hayaniya da idon mutane, ashe shi ne kuma garkuwarmu. Na nemi izinin magada na kwana a gidan sau biyu, ni da ƙanena. Na ƙirga taku daga ƙofa zuwa gida mafi kusa, 310. Na gwada waya a kowane ɗaki, layi ɗaya ne ke kamawa sosai. Na zauna da 'yan sintirin ƙauyen na ji yadda suke kewaye da abin da kowane gida ke bayarwa a wata. Na tambayi mai unguwa ko an taɓa shiga wani gida a wurin, ya ce satar awaki da ta injin ban ruwa dai ana yi, abin da ya wuce haka Allah ya tsare su zuwa yanzu. Ba wanda zai ba ka tabbaci a kan gobe, amma na ga mutanen da suka san juna, suka san baƙo in ya shigo.

Da na koma wurin Kawu da duk wannan, ya ce, "Tun da hilin ya yi maka yawa, kuma mutane sun yi maka kaɗan, ka sayi mutane da hili mana." Maganar ta zauna mini. Na yi shawara da ƙanena da wani abokin aikina da ya daɗe yana neman wuri, muka yarda in ciniki ya faɗa zan yanka musu fuloti bibbiyu a gaba, ta bakin hanya, da sharaɗin su gina su tare, ba su ajiye suna jiran tsada ba. Kuɗinsu zai shiga katanga. Na kuma yi magana da wani ɗan ƙanwar Inna da ke ƙauye, mai mata da 'ya'ya biyu, ya zo ya zauna a ɗakunan waje, ya noma rabin gonar, mu raba amfani. Da na kawo wa uwargida wannan tsari ta ce ta yarda, amma ba za ta tare ba sai iyalin nan sun riga mu shiga. Haka aka yi.

A Disamba muka zauna ciniki na ƙarshe a zauren hakimi. Na kawo zanen safiyo, da lissafin magini, da maganar kusurwar da ruwa ke ci, aka rage mini kuɗi gwargwado. La'adar dillali tun farko na sa aka faɗe ta a gaban shaidu, kowa ya san nasa. Ban ba kowa kuɗi a hannu ba, ta banki na tura, bisa yadda kotu ta tsara, mai jingina aka fara sallama. Magada goma duka suka sa hannu ko suka dangwala, maƙwabtan iyaka suka yi shaida, hakimi ya buga hatimi, aka kai wa uban ƙasa. Lauya ya rubuta takardar sauya mallaka, na shigar da neman takardar gwamnati. Kafin mako ya zagayo safiyo ya dawo ya kafa duwatsun siminti a kowace kusurwa, a gaban mutanen da suka ga awon farko. Aka yi fatiha. Ƙaramar matar marigayi ta yi kuka, ta ce in kula mata da mangwaron da ke kusa da rijiya, ita ta dasa shi shekarar da aka kawo ta. Duk shekara in ya nuna ina aika mata kwando.

Mun tare a Janairu, cikin sanyi. Katangar bulo gidan da garke kawai ta kewaye, sauran na ja waya mai ƙaya na dasa aguwa a gindinta. Damina ɗaya muka yi zuwa yanzu. Kwana shida a cikinta yara ba su je makaranta ba saboda kwarin nan, har muka haɗa kuɗi da mutanen ƙauye muka zuba masa tifa huɗu ta tsakuwa, wadda ruwa ya tafi da rabinta. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da uku daga cikin yaran duk da gidan sauro. An kashe macizai biyu a bayan garke. An sace mana tunkiya ɗaya. Kuɗin mai yana cin abin da a da nake biyan haya da shi, har da ɗori. Wani dare a Satumba numfashin Inna ya sarƙe, abokin aikina da ya riga ya tare a gaba shi ya fito da motarsa, muka isa asibiti cikin minti 40. A hanya ban yi tunanin komai ba sai tambayar uwargida.

A gefe guda kuma, buhu 11 na gero da dawa muka raba da ɗan'uwan nan, kusurwar ɗorawa da na sa mata shinkafa ta ba da buhu 7. Awaki huɗu sun zama 13. Shanun arɗo sun kwana a gonar bayan girbi da yardata, sun bar mini taki. Yaran sun yi baƙi, sun yi ƙarfi, ƙaramin ya san bambancin gero da dawa tun suna tsiro. Inna ta kafa lambunta a bayan ɗakinta, kuɓewa da yakuwa da zogale da barkono, ba ta bari kowa ya taɓa mata butar ban ruwa. Da Asuba in na fito masallacin da muka kewaye da kara a bakin hanya, nakan tarar ta riga ni fita tana duba su da tocila.

Takardar gwamnati ba ta fito ba tukuna, ina bibiya. Ƙanena ya kai ginin nasa linta. Saura mita 290 na katanga, kuma na yi magana da mai buga bulo ya fara ajiye mini 500 duk ƙarshen wata, za mu fara daga ɓangaren burtali kafin shanu su sauko.